Abin da Mahaifiyata Take Amayarwa da Tsakar Rana

Shekarun baya, lokacin da duk inda ka juya a Abuja gini ne da tifa da ƙarar injin kwaɓa siminti, ni da mahaifiyata muna zaune a wani gidan haya a ƙauyen da ke bayan kasuwar Gudu. Ban daɗe da gama sakandare ba. Aikina zama ƙarƙashin lema a bakin titi da waya guda biyu, mutane su zo su yi kira su wuce. Mahaifiyata kuwa waina take toyawa da safe, leburori da magina su ne masu sayenta. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Yayana direba ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, yana zaune da iyalinsa can hanyar Kwali, wani lokacin sai mu yi mako uku ba mu gan shi ba.

Ban taɓa ba da labarin nan daga farko har ƙarshe ba. Yanzu ma da nake rubutawa sai na riƙa ajiye wayar ina goge tafin hannuna da zani. Ku yi haƙuri da ni idan na yi tsayi.

Mahaifiyata tana da ciwon suga. Da can sau uku take shan magani a rana, to amma na safe kaɗai take tunawa. Na rana kasuwa ta cinye shi, na yamma gajiya ta cinye shi. Da yayana ya gaji da faɗa, sai ya ɗauke ta ya kai ta asibiti, likita ya canza mata zuwa wani sabo wanda sau ɗaya ake sha, tare da karin kumallo. Ƙwaya ce fara, doguwa, mai tauri kamar tsakuwa. Yayana ya damƙa min kwalin ya ce, "Auta, wannan amana ce a wuyanki. Ke za ki riƙa ba ta da hannunki, kuma ki tsaya ki ga ta haɗiye. Kin san Inna da wayo."

Inna ta ce, "Ji shi, kamar shi ya haife ni."

Haka muka fara. Kullum da safe in ɓallo ɗaya, in sa mata a tafin hannu, ta kora da kunu.

A kwana na huɗu na dawo gida wajen azahar don in ci abinci, na tarar da ita zaune a bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Ta ce zuciyarta ce ke tashi. Kafin in ajiye jakata ta fara amai, na tura mata roba. Da ta gama na ɗauka zan je in zubar, sai idona ya faɗa kan wani abu.

Komai na cikin robar ya kwanta a ƙasa. Shi kaɗai yana sama.

Girmansa ya kai babban yatsana. Launinsa kamar kitsen da ya kwana a ruwa, fari-fari amma kana iya hango cikinsa kaɗan. Jikinsa sai yauƙi. Yana juyawa a hankali, alhali na ajiye robar, ba abin da ke motsa ta. Na durƙusa na duba sosai, sai na ga wasu ƙananan kumfa suna fita daga gefensa, ɗaya bayan ɗaya, su tsaya, su sake fitowa. Wallahi abin da ya zo min a rai shi ne numfashi yake yi. Na ciro tsinken tsintsiya na danna shi. Ya nutse, ya sake tasowa. Na sake dannawa da ƙarfi, tsinken ya shiga cikin laushin, sai ya tokari wani abu mai tauri a tsakiya, kamar ƙashi.

Na ce, "Inna, me kika ci yau?"

Ta leƙo. Ta daɗe tana kallo. Daga nan ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Rufe shi. Kada ki zubar. Kira min gwaggonki."

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, a Masaka take. Kafin la'asar ta sauka daga mota. Ta ɗaga murfin robar, ta mayar da sauri, ta yi salati har sau uku. Ta ce, "Yaya, ajiya ce aka yi miki a ciki. A abinci aka ba ki. Allah ne ya yi da sauran kwananki shi ya sa ta fito."

Washegari ta zo da wata tsohuwa mai magani. Na so a ce matar nan tana da ban tsoro, da labarin ya fi min sauƙin faɗa. Amma 'yar ƙarama ce, tsaf-tsaf, da farin mayafi da ƙamshin turaren wuta, maganarta a hankali kamar mai lallashin jariri. Tana shigowa ta ce min, "Sannu jikata, kin yi ƙoƙari da ba ki zubar ba." Ta duba abin, wanda a lokacin ya ƙara kumbura ya fara sakin jiki, ta gyaɗa kai. Ta fito da ƙullin sassaƙe da sabon kasko irin na Kwali. Ta ce a tafasa, Inna ta sha kofi guda idan rana ta take tsaka, ta yi amai a kaskon, duk abin da ya fito a binne shi inda ƙafa ba ta takawa.

Ta ce, "In guda ɗaya ne, to ya riga ya fita, gobe ba za ku ga komai ba. In kuwa ya ci gaba da fitowa, mai zubawar bai daina ba ke nan."

Na tambaye ta maganin asibitin fa. Ta yi murmushi ta ce, "Ku ci gaba da abinku, jikata. Ba ruwana da shi. Kowa da aikinsa." Gwaggo kuma ta ja min kunne kada in kuskura in gaya wa yayana. Ta ce, "Ya zauna cikin 'yan boko har ya fara ɗaukar halinsu. Zai zo ya hana mu, a bar baiwar Allah da abu a ciki."

Washegari da rana ta take tsaka Inna ta sha, ta yi amai. Yana nan, yana yawo a saman kaskon.

Kashegarinsa ma yana nan.

Abin da ya fi tayar min da tsigar jiki shi ne tsarinsa. Kullum guda ɗaya. Bai taɓa zama biyu ba, bai taɓa fashi ba. Girma ɗaya, kamanni ɗaya, kamar akwai wani a zaune wani wuri yana ƙera su yana aikowa. A bayan gidanmu akwai wani katafaren gini da aka fara aka bari, hawa uku, ba ƙofa ba taga, ciyawa ta cinye harabarsa. A gindin katangarsa nake binnewa. Da tsakar rana wurin shiru yake yi, ko ƙadangare ba ya motsi, sai tagogin nan marasa gilas suna kallonka. In haƙa da tsohon cokali, in zuba, in rufe, in ɗora ɗan dutse don kada in sake haƙa wurin. Kafin mako ya zagayo duwatsun sun yi layi.

Gwaggo ba ta ɓata lokaci wajen neman mai laifi ba. Ɗakin da ke kallon namu na wata mata ce 'yar Filato, Kirista, tana aikin shara da kula da marasa lafiya a wani asibiti. Shekara uku muna tare. In ta dafa gwate sai ta zubo wa Inna, in Inna ta toya waina sai ta ajiye mata ta farko. Gwaggo ta ce, "Me ya sa kullum ita ce mai kawo abinci? Son Allah ne?" Ranar da maƙwabciyar ta sake kawo gwate, ni aka sa na mayar mata da kwanon, ko murfin ba mu buɗe ba.

Ta karɓa tana kallona. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Lafiya? Mama bai ci ba? Na ji yana amai kullum fa. Ku kai shi asibiti mana."

Na ce, "Muna magani, Anti."

Ta ce, "Wane magani? Ka duba idona ka gaya mini."

Ban duba ba. Na juya na shige ɗaki na sa sakata.

Daga ranar na rufe lemata, na dawo gida gaba ɗaya. Ni ke zuwa kasuwa, kuma ba na saye wuri ɗaya sau biyu. Ni ke girki, a cikin ɗaki, ƙofa a kulle. Ruwan leda kawai Inna ke sha, shi ma sai na matsa na ga ba huji. Makullin ɗakin a ɗaure yake a bakin zanina. Na ce yanzu sai in ga ta inda za a biyo.

Da rana ta take tsaka, yana nan a kaskon.

Ita kuwa Inna ƙarewa take yi a gaban idona. Tandar waina ta yi ƙura. Ƙishirwa ba ta barinta, ta sha leda uku a jere ta ce a ƙaro, ga fitsari ba iyaka. Leɓenta ya tsattsage, idanunta suka faɗa, zoben da ya shekara ashirin bai fita daga yatsanta ba ya zame da kansa ya faɗi a tabarma. Wata rana da hantsi ina wanke kaskon na ji tana magana a ɗaki, a natse, har da 'yar dariya. Na shiga na ce da wa take. Ta ce, "Da babanku mana. Ya ce kin rame." Ta nuna min bakin gado. Akwai ɗan lotsawa a katifar, daidai inda ta nuna. Yanzu na san katifar tsohuwa ce, duk jikinta lotsawa ne. A lokacin dai baya-baya na fita.

Wajen kwana na goma sha biyu da fara shan sassaƙen, gwaggo ta sake kawo tsohuwar. Aka zauna mu huɗu a ɗaki. Tsohuwar ta tambayi wa ke girki. Gwaggo ta ce ni. Wa ke ɗebo ruwa? Ni. Wa ke shiga ɗakin? Mu biyu, amma gwaggo ba kullum take kwana ba. Tsohuwar ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, cikin taushin muryar nan tata, "Kun san wani lokacin mai yi bai san yana yi ba. Hannunsa kawai ake ara."

Ba ta kira sunana ba. Hannuwana kawai ta kalla, inda na ɗora su a cinya.

Gwaggo tana da kofin ruwa a kusa da gwiwata. Na ga ta miƙa hannu a hankali ta janye shi zuwa gefenta. Inna kuwa ta juya fuskarta bango.

Ban san yadda zan bayyana muku abin da ke faruwa da mutum idan ya fara tsoron hannunsa ba. Na yanke farcena har sai da ya yi jini. In zan dama kunu sai in wanke hannu sau bakwai, in riƙa karanta duk surar da na haddace, idona a kan yatsuna ko ƙiftawa ba na son yi, wai don in kama su suna yi. In na ɗan yi gyangyaɗi da rana, na farka sai in shinshina tafin hannuna. Na riƙa tuna duk ranar da na taɓa jin haushin Inna, duk ranar da ta tashe ni da asuba niƙa na yi tsaki a raina, ina cewa ko ta nan aka samu ƙofa.

Sai na roƙi gwaggo ta zo ta yi girkin kwana guda da kanta. Ranar ban taɓa tukunya ba, ban taɓa ludayi ba, ban taɓa ledar ruwa ba. Abu ɗaya tak na ba Inna, ƙwayarta, don wannan amanar yayana ce, kuma wa zai zargi maganin asibiti da ke cikin takardarsa a liƙe? Da rana ta take tsaka ya fito kamar kullum. Na ce, "Gwaggo, kin gani, yau ban taɓa komai ba."

Ta ce, "Kin dai shiga ɗakin."

Ranar ta goma sha takwas gwaggo ta tafi Masaka da sassafe, wai za ta nemo wani malami da zai duba ni. Ni fa, ba Inna ba. Na dama kunun tsamiya, na ɓallo ƙwayar na miƙa. Inna ta gwada haɗiyewa ta kasa, maƙogwaronta duk ya yi rauni saboda amai. Ta tofo ta a hannuna ta ce, "Ba za ta wuce ba, auta. Bar ni in ɗan kwanta." Sai na yi dabarata ta masu ilimi: na jefa ƙwayar a cikin kofin kunun don ta jiƙa ta yi laushi, in ta tashi ta shanye gaba ɗaya. Na rufe kofin da faranti. Na kulle ƙofa. Na zauna a ƙasa, na sa hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na danne su, na zuba wa kofin ido.

Ban tashi ba. Ban yi barci ba. Ba wanda ya shigo. Hasken da ke shigowa ta hujin kwano ya taso daga bango, ya bi tabarma a hankali, har ya sauka daidai kan farantin. Na ji an fara kiran sallar azahar daga masallacin kasuwa. Na ce bari in tashe ta. Na ɗaga farantin.

Yana ciki. Yana yawo a saman kunun, yana fitar da 'yan kumfansa.

To a nan ne za ku yi min dariya, kuma na yarda. Ni da na ci darasin kimiyya a jarrabawar fita, na ɗauki cokali na laluba ƙasan kofin ina neman ƙwayar. Ban same ta ba. Sai na ce a raina, ƙwaya ta narke, ga kuma abin ya zo. Ko kusa hankalina bai haɗa su ba. Abin da na gani kawai shi ne, kofi ne da ni na wanke, kunu ne da ni na dama, ɗaki ne da ni kaɗai ke farke a cikinsa. An gama shari'a.

Na juya ga Inna na taɓa ta. Ba ta amsa ba. Na girgiza ta, ta buɗe ido rabi, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ni, ta sake lumshewa. Jikinta a bushe kamar takarda.

Na fito tsakar gida da kofin a hannu. Kowa ya tafi nema. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, ta matar da na mayar wa kwano. Tana zaune tana tsince wake. Na zube a gabanta na ce, "Anti, ki yafe min, ba ke ba ce. Ni ce. Ni nake kashe ta."

Ta ture tiren waken ta ce, "Kai! Tashi! Wane irin magana ne wannan? Ina Mama yake?"

Ba ta jira amsa ba ta shige ɗakinmu. Ta ja fatar bayan hannun Inna ta saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta buɗe mata baki ta duba harshe. Ta juyo kaina ta ce, "Yesu! Kwana nawa yana haka? Ruwa ya ƙare a jikinshi, suga ya hau. Kira yayanka yanzu-yanzu, ka ce ya same mu a asibiti. In oganshi ya hana, ya bar masa mota a titi!"

Na nuna mata kofin ina kuka, ina ba ta labarin kasko da duwatsu. Ta leƙa, ta yamutsa fuska. Ta ce, "Ni ma ban san shi ba. Amma ba za mu binne wannan ba. Ɗaure bakin da leda, ɗauko kwalin maganin, mu tafi da su duka." Ita ta goya Inna a bayanta har bakin titi.

A asibiti aka sa wa Inna ƙarin ruwa hannu biyu, aka yi ta allurai. Likitan ya ce sugan ya hau inda ba ya son faɗa, kuma da mun ƙara kwana ɗaya da wata maganar ake yi. Yayana ya iso a guje, ya tsaya a jikin bango yana kallon ƙasa. Da na fi son ya mare ni.

Maƙwabciyarmu ta ja hannuna zuwa tagar da ake ba da magani. Akwai wata Hajiya a ciki, da tabarau da farar riga a kan atamfarta, ita ce shugabar ɗakin maganin. Anti ta ce, "Ma, abeg ka duba mana wannan abu. Yarinyan nan ya ce shi maye ne." Hajiyar ta kwance ledar, ta duba, ta karɓi kwalin ta karanta. Ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina gode mata da wannan. Ta buɗe ƙaramar ƙofa ta ce in shigo. Ta ɗauko kofin gilas, ta zuba ruwan ɗumi, ta matse lemon tsami a ciki. Ta miƙo min kwalin ta ce, "Ɓallo ɗaya da hannunki. Jefa. Yawwa. To zauna a kujerar nan, ƙanwata, kada ki ɗauke ido."

Ƙwayar ta nutse ƙasa ta kwanta. Jim kaɗan sai ƙananan kumfa suka fara taruwa a jikinta. Ta ɗaga gefe guda. Ta taso a hankali, ta zo saman ruwan ta tsaya. Gefenta ya fara yin laushi, ya yi hazo-hazo, ya fara kumbura. Ina zaune ina kallo, mutane suna zuwa taga suna karɓar magani suna tafiya, abin da na binne sau goma sha bakwai yana haɗa kansa a gabana, a cikin gilas, da rana tsaka, ƙarƙashin fanka.

Hajiyar tana sallamar mutane tana min bayani a tsakani. Ta ce maganin da ke cikin ƙwayar nan, jiki ya fi ɗaukarsa daga farkon hanji, daf da inda tumbi ya ƙare. Ƙwaya ta yau da kullum takan narke ta wuce wurin da sauri, shi ya sa ake sha sau biyu ko uku. Wannan kuwa da gangan aka yi ta don ta daɗe a tumbi. In ta haɗu da ruwan tsamin ciki sai ta kumbura har ta fi ƙarfin ƙofar fita, kuma akwai wani abu mai kama da kanwa a jikinta da ke yin iska ya sa ta yi yawo a sama. Tana nan tana sakin magani kaɗan-kaɗan tsawon yini, har ta zaizaye ta wuce da kanta. Taurin da na ji a tsakiya, inda ruwa bai kai ba ne tukuna. Shi ya sa ba a fasa ta, ba a tauna ta, ba a jiƙa ta.

Ta ce, "Ba wanda ya gaya muku haka lokacin da aka ba ku?"

Na ce a'a.

Ta cire tabaranta ta murza ido. Ta ce, "To mu ma da namu laifin. Aman farko kuwa, sabon shan maganin nan kan tayar wa wasu da zuciya, da kun dawo da mun gyara. Kin gane abin da ya faru ko? Da safe ki ba ta magani, da rana ku ƙwace shi, ku haɗa da ruwan jikinta."

Na ce, "Ke nan dai ni ce nake sa mata."

Ta ce, "Ke ce. Kuma shi kaɗai ne abin kirkin da ke shiga cikinta."

Kwana tara Inna ta yi a gadon asibiti. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma ganinta bai koma yadda yake ba, kuma ba ta sake zama gaban tanda ba. Safiyar farko da muka dawo gida na dama kunu, na ɗauko kwalin. Na kasa ɓallowa. Na ajiye takardar maganin a tabarma kusa da ita na ce, "Inna, ga shi nan, ki ɗauka da kanki."

Ba ta taɓa ba. Ta buɗe tafin hannunta ta miƙo. Ta ce, "Ba ni da hannunki."

Na ɓallo na sa mata. Ta haɗiye, ta kora da kunu, ta goge baki. Sai na yi tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce, "Inna, ranar da tsohuwar nan ta kalli hannuna, kika juya bango. Kin yarda ni ce?"

Ta ajiye kofin a tabarma. Can ta ce, "Na yarda."

Na ce, "Amma kika ci gaba da karɓar duk abin da na ba ki."

Ta ce, "To in ƙi karɓa, gwaggonki ta gani, ta kai maganar Masaka? Wa zai sake shan ruwa a hannunki har ki mutu? Na ce in ma ke ce, ba ki sani ba. Gara abin ya ƙare a cikina."

Ta rayu shekara shida bayan nan. Kullum da safe takan ce, "Auta, kawo min ɗan hayana," wai tunda yini yake yi a cikinta. Anti kuwa, ranar da na je ba ta haƙuri da kyau, cewa ta yi, "Haƙuri ba ya cika ciki. Kawo kwano." Gwaggo har yau in maganar ta taso sai ta ce, "Ai dai wani abu ya fita." Ba na musu da ita.

Ban riƙe tsohuwar nan a raina ba. Ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, ta kira shi da sunan da ta sani, mu ma haka muka yi. Abin da na koya ƙarami ne, amma na biya shi da tsada: duk maganin da aka miƙo min ta taga, ba na matsawa sai na tambayi me zai yi in ya shiga, kuma me zan gani in ya fito. Masu layi a bayana su yi ta tsaki, ba ya damuna.

Amma sanin gaskiya bai cire tsoron duka ba, ban san dalili ba. An rushe ƙauyenmu tuntuni, an kammala ginin nan mai hawa uku, an shafe shi da fenti, an shimfiɗa tayil a inda duwatsuna suke. In mota ta bi da ni ta wurin nakan ƙirga su a raina, goma sha bakwai, a jere a gindin katanga. Har yau ba na iya ɗaga murfin kofi kai tsaye, sai na karkata shi na leƙa ta gefe. Kuma in zan miƙa wa wani abin sha, sai na ji idona ya sauka kan yatsuna.

Abin da ya fi tsaya min dai ba abin cikin kaskon ba ne. Kwana shidan nan ne, tsakanin ranar da aka kalli hannuna da ranar da aka goya ta zuwa titi. Kullum da safe in miƙa, ita kuma tana ganin ajalinta ne a tsakanin yatsuna, ta buɗe tafin hannunta ta ce, "Allah ya yi miki albarka."